Manhajar tsara aiki a gidan jarida: tambayoyi kan haɗa kan ma'aikatan da ba sa zaune wuri ɗaya

Tun asali aikin jarida ba aikin ɗaki ɗaya ba ne. Wakili yana can inda abu ya faru, edita yana babban ofis, mai ɗaukar hoto yana kan hanya. Sai dai daga watan Maris na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar duniya, editoci ma suka koma aiki daga gida, kuma gidajen jarida da dama ba su sake komawa yadda suke a da ba.

Mece ce manhajar tsara aiki, kuma me ya bambanta ta da WhatsApp ko imel?

Wuri ne guda a intanet inda ake rubuta kowane aiki, a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, a sa masa wa'adi, a kuma nuna matakin da ya kai. Trello da Asana da Monday.com da Jira duk irinta ne. WhatsApp da Slack da Microsoft Teams kuwa na hira ne, kuma hira kamar ruwan kogi take, wucewa take yi. Edita ya ce da safe a gyara sakin layi na uku, kafin rana ta yi tsaka saƙonni ɗari biyu sun binne maganar. Wanda ya shigo aikin dare ba zai iya karance su duka don ya gano inda aka kwana ba. A manhajar tsara aiki maganar tana manne da labarin da ta shafa, duk wanda ya buɗe shi zai tarar da ita, ko bayan mako guda.

Ba ina cewa a bar hira ba ne. A tattauna a can, amma abin da aka yanke a rubuta shi a kan aikin. Yawancin rikicin da ake yi tsakanin ma'aikatan nesa daga nan yake tasowa: an yanke shawara a waya tsakanin mutum biyu, na ukun da zai aiwatar bai taɓa jin labari ba.

Yaya labari ɗaya yake tafiya a cikinta?

Tsarin da ya fi dacewa da ɗakin labarai shi ne na allo da kati. Asalinsa daga masana'antar motoci ta Toyota ne a Japan, inda injiniya Taiichi Ohno ya ɓullo da tsarin kanban bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana bin sassan mota da ƙananan katuna daga wannan mataki zuwa wancan. Trello, da ta fito a 2011, ta taimaka ƙwarai wajen kai wannan tsari gaban mutanen da ba injiniyoyi ba.

A raba allo gida-gida: shawarwarin labarai, waɗanda aka amince da su, ana haɗa rahoto, yana hannun edita, ana tantance gaskiya, ana jiran hoto ko bidiyo, an shirya, an wallafa. Kowane labari kati ɗaya ne. A ce wakiliya ta kawo shawarar bincike kan ƙarancin magani a asibitoci. Ta buɗe kati, ta rubuta abin da take son ganowa da waɗanda za ta tuntuɓa. Edita ya amince, ya matsar da katin gaba, ya sa ranar miƙa rubutu. Da ta gama sai ta liƙa adireshin rubutun a jikin katin, ta tura shi gidan edita, manhajar da kanta ta sanar da shi. Mai zane ya ga katin ya kusa zuwa wurinsa, ya fara shirya jadawalin alƙaluma tun kafin a kira shi. Babu wanda ya buga waya yana tambayar ina aka tsaya.

Abin da na fi damuwa da shi a nan shi ne sunan da ke kan katin. Ya zama suna ɗaya. Asana ma ba ta yarda a ɗora aiki guda a kan mutum biyu, kuma ina ganin sun yi daidai. Idan aka rubuta sunan mutum uku, kowa zai zaci ɗan'uwansa ne ke riƙe da shi, labari ya kwana a wurin. Masu taimakawa a saka su a matsayin masu bibiya, amma wanda za a tambaya idan wa'adi ya cika mutum ɗaya ne, kuma sunan yana sauyawa duk lokacin da katin ya sauya gida.

Akwai wani darasi na kanban da ɗakunan labarai ke yawan tsallakewa, wato iyakance yawan aikin da ke gida ɗaya a lokaci guda. Idan kati goma sha biyar suka taru a gidan edita, allon ya gaya maka gaskiya: ba wakilai ne ke jinkiri ba, edita ɗaya ne aiki ya fi ƙarfinsa. Ƙara matsa wa wakilai lamba ba zai rage tarin ba, sai dai ya ƙara shi.

Wacce ya kamata a zaɓa?

Wadda ma'aikata za su buɗe kullum ba tare da an roƙe su ba. Ƙaramar tawaga Trello ta ishe ta. Gidan da ke da sassa da yawa, rediyo da bidiyo da shafin intanet da sashen talla, zai fi jin daɗin Asana ko Monday.com ko Airtable, saboda suna nuna aiki ɗaya a siffar kalanda ko jadawali. Jira an gina ta ne don masu rubuta manhaja, ta fi dacewa da sashen fasaha. Masu bidiyo suna da Frame.io, wadda Adobe ta saya a 2021, inda edita ke rubuta gyara daidai kan daƙiƙar da yake nufi. Kafin a biya kuɗi, a gwada ta a wayar wakili a wurin da intanet ke da rauni, domin shi ne zai fi kowa shan wahala idan tana da nauyi.

Idan ma'aikata suna ƙasashen da agogonsu ya bambanta fa?

A daina rubuta "gobe da safe". A sa rana da ƙarfe, a kuma amince da agogo ɗaya na gida, ko na babban ofis ko na UTC, wato agogon bai-ɗaya da duniya ke auna lokaci da shi. Ga misalin inda ake tuntuɓe: tsakanin Landan da New York awa biyar ne a yawancin shekara, amma Amurka tana sauya agogonta a Lahadi ta biyu ta watan Maris, Turai kuma sai Lahadin ƙarshe ta watan, don haka na tsawon mako biyu ko uku tazarar tana komawa awa huɗu. Shirin kai-tsaye yana iya lalacewa a kan wannan awa ɗaya.

Sannan duk mai tashi daga aiki ya bar bayanin miƙa ragama a kan katunan da ke hannunsa: abin da ya gama, abin da ya rage, wanda ake jiran amsarsa. Layi uku sun isa.

Labari da ɗumi-ɗuminsa ma sai an buɗe masa kati?

A'a. Idan abu ya fashe, a ɗauki waya. Kati ya biyo baya da zarar ƙura ta lafa, don a raba rahotannin da za su biyo: wa zai yi sharhi, wa zai nemi martanin hukuma.

Ba hanyar sa wa ma'aikata ido ba ce kuwa?

Tana iya zama haka, kuma wannan tsoro na ma'aikata yana da tushe. Shugaban da ba ya ganin mutanensa a ofis yakan so ya maye gurbin idonsa da ƙidayar katuna. Amma wakilin da ya yi wata biyu kan bincike ɗaya katinsa ɗaya ne, mai sake rubuta sanarwar manema labarai kuwa yana iya rufe goma a yini. Ranar da aka fara auna ƙwazo da yawan kati, ranar ce mutane za su fara yanyanka aiki ƙanana-ƙanana don allo ya yi kyau, su kuma ɓoye wanda ya maƙale. Daga nan allon ya daina faɗin gaskiya, amfaninsa ya ƙare. Dole ma'aikaci ya iya rubuta "na kasa samun majiya ta biyu" ba tare da fargabar za a riƙe shi da ita ba. Haka kuma a bar mutum ya kashe sanarwa bayan ya tashi aiki, domin mai aiki daga gida ba shi da ƙofar ofis da zai rufe a bayansa.

Ina batun sirrin majiya?

Sunan majiyar da aka yi wa alƙawarin sakaya suna ba ya shiga wannan manhaja ko kaɗan. Bayanan suna ajiye ne a kwamfutocin wani kamfani, kuma kotu tana iya umartar kamfanin ya miƙa su. A yi amfani da laƙabi a kan kati, ainihin sunan ya tsaya tsakanin wakili da editansa ta hanya mai rufaffen saƙo irin su Signal. A 2018 masu binciken tsaron intanet sun gano allunan Trello da masu su suka bari a buɗe ga kowa bisa kuskure, har da kalmomin sirri a ciki, ana iya samo su ta Google. Saboda haka a duba saitin kowane allo, a tilasta shiga ta mataki biyu, wato kalmar sirri da kuma wata shaida ta biyu kamar lambar da ake samu a waya, binciken da ke da haɗari a ware masa allon da mutum uku ko huɗu kawai ke gani. Wanda ya bar aiki, ko ɗan jarida mai zaman kansa da ya gama kwangila, a cire shi a ranar.

An kawo manhajar, amma bayan wata ɗaya kowa ya koma WhatsApp. Me ya faru?

Galibi abu biyu ne. Ko an cika katin da guraben cikewa har buɗe shi ya zama wani aiki na daban, ko kuma manyan editoci su da kansu ba sa amfani da ita. Idan babban edita yana raba aiki ta saƙon murya, babu wakilin da zai ɓata lokaci a kan allo. Maganin da na fi yarda da shi shi ne a riƙa yin taron safe da allon a buɗe a gaban kowa, ana bin katunan ɗaya bayan ɗaya daga waɗanda suka fi kusa da wallafa, labarin da ba ya kan allo kuma ba a tattauna shi sai mai shi ya buɗe masa kati a nan take. A fara da sashe ɗaya da gidaje biyar ko shida, a yi mako huɗu, sannan a tambayi wakilai wane gurbi ne ba su taɓa cikewa ba, a goge shi.