Allurar zafi ta kai tsakiya, sai me? Amsoshi daga Magazin ta Suame

Ba a yin mako guda ba a kawo mini tsohuwar bas, Urvan ko Hiace ko Sprinter, nan garejina a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame a Kumasi ba, direba na zufa, wai mota na zafi. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Waɗanda ke da ciwon gaske kuwa ba sa zuwa sai an jawo su da igiya. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Masta, nawa ne zafin da ya kamata injin ya tsaya a kai?

Tsakanin digiri 80 da 95. In ya leƙa 100 a cunkoso ko a kan hawa ya dawo, ba abin kuka ba ne.

Allurata ta gejin zafi kullum tana tsakiya. Ba matsala?

Gidanta ke nan. Ina kake so ta zauna?

Amma kujerata har ƙona ni take yi.

Injin Urvan da Hiace a ƙarƙashin kujera yake. A kan murhu kake zaune tun asuba. Ɗaga kujerar ka duba robar bakin murfin injin, na san ta daɗe da cinyewa. Ba da cinya ake auna zafin injin ba, ɗan'uwa.

Wani fita, wato makanike, ya ce in cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne.

Wannan maganar ta fi kowace ɓata mini rai. Da zarar mota ta sauka daga tashar jirgin ruwa ta Tema, abin da ake fara yi mata ke nan, a cire a jefar. To ka sani, tamostat ƙofa ce kawai. Tana rufe da safe don injin ya yi ɗumi da wuri, ta fara buɗewa wajen digiri 82 zuwa 88, ya danganta da motar. In ta buɗe ta buɗe, ba ta hana ruwa wucewa. Motar da ke tafasa da lafiyayyar tamostat, ciwonta na wani wuri, cirewa ɓoye shi kawai take yi na ɗan lokaci.

Kuma injin mai sanyi ba injin mai lafiya ba ne. Yana shan mai, yana hayaƙi, baƙin mai na kamewa ya zama kamar kwalta, ƙarafa na cin juna da wuri. Masu Benz irin su Sprinter, ku ne ma na fi ji wa tsoro. Irin tamostat ɗinku aiki biyu take yi: tana buɗe hanyar lagireto, tana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin injin. Ka cire ta, ruwa ya samu hanya mai sauƙi, ya riƙa zagaye a ciki ba tare da ya shiga lagireto sosai ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba. In kana zarginta, jefa ta cikin tukunyar ruwan zafi ka gani da idonka ko za ta buɗe. In ta ƙi, sayi sabuwa.

Ruwa na tafasa a digiri 100. Ta yaya za ka ce 100 lafiya?

A tukunyar gidanku ne yake tafasa a 100. A mota murfin lagireto na matse shi, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa. Da wannan matsin sai ruwa ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka naɗe da leda, ya mai da motarka tukunya. Shi ne abu mafi arha a cikin duk abin da muke magana a kai, kuma shi aka fi rainawa.

Allura na hawa ta wuce tsakiya, sai kuma ta sauko da kanta. Jibi ina da lodi zuwa Tamale. In tafi?

To, nan ne ba zan ba ka amsa ɗaya ba, domin ban ga motar ba. Kuma duk fitan da ya ce maka "tafi kawai" ta waya, ba shi zai kwana a dajin Kintampo ba.

Fara da gaya mini yaushe take hawa. In a tsaye ne, misali kun maƙale a Kejetia ko shataletalen Suame, amma da ka samu hanya ta sauko, to yawanci iska ce ba ta isa. Duba fanka. Mai lantarki ce? Tana tashi da kanta? Irin mai kuloci ce da ke jikin injin? Kashe motar tana da zafi, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakayau kamar ta ɗaki, kulocinta ya mutu. Duba kuma robar da ke kewaye da fanka, wadda yara ke cirewa su manta ba su mayar ba. Sannan ka haska tocila ta bayan lagireto. Bayan hunturu za ka tarar ƙura da ganye da leda sun yi masa bargo, musamman tsakaninsa da na AC.

In kuwa akasin haka ne, a gari lafiya lau amma da ka ɗauki lodi ka taka ko ka kama hawa sai ta tashi, wannan ya fi damuna. Galibi ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata. Ko lagireto ya toshe ta ciki, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko fambel ya saki, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa in an ba da wuta. Kashe injin, ka shafa bayan hannu a fuskar lagireto a hankali. In wani wuri da zafi wani da sanyi, ya toshe. Na ce galibi, domin na sha ganin mota mai ciwo biyu a haɗe, kowanne ƙarami, sai sun gamu da lodi suke nuna kansu.

Akwai kuma na uku, wanda ba na son faɗa wa mai mota. Allura na tsalle ba ƙa'ida, ruwa na raguwa, ba ka ga inda yake ɗiga ba. Wataƙila iska ce kawai ta maƙale tun ranar da aka canza ruwa. Wataƙila kuma gasket ɗin kan injin ne ya fara lalacewa. Da safe, injin na da sanyi, buɗe murfi ka ta da motar. In kumfa na ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar taya tun injin bai yi ɗumi ba, ko salansa na farin hayaƙi bayan mota ta yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to ka manta da Tamale.

Kada ka manta, ita kanta allurar tana ƙarya. Motar da ta haura shekara ashirin, wayoyinta sun sha ɗauri. Na taɓa hana wani Alhaji kwance injin bayan ya riga ya yi cinikin wani, muka haska bindigar auna zafi a gidan tamostat, 88 ta nuna, allura kuwa na dab da ja. Waya ce guda ta yi tsatsa.

To, ka tafi? In ruwa ba ya raguwa, allura na saukowa da kanta, kuma ba ta fi yadda ka saba gani tun bara ba, ni da zan tafi. Amma sai na gwada ta tukuna: a yi mata lodi a hau tudun Mampong ta Jamasi. In ta hau ba ta kusanci ja ba, da alama za ta kai. Duk da haka ban yi maka alkawari ba. Tafiyar ta kusa kilomita 380, kuma zafin arewa a watan Maris na kaiwa digiri 40. Tashi da asuba, ɗauki jarkar ruwa, rage lodin kan rufi. In kuwa hawan allurar sabon abu ne na makon nan, a ba wata motar lodin.

Ta shiga ja ina kan hanya. Me zan yi?

Kashe AC, sauka gefe. In ba ta zubar da ruwa kuma fanka na juyawa, bar injin a kunne a silo, ba taka mai, minti biyu ko uku ka ga ko za ta sauko. In tururi na fita, kashe nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa tasha. Kan injin da yawa na alminiyam ne, lanƙwashewa yake yi.

Kuma don Allah kada a buɗe murfi. Wani yaron mota da na sani ya buɗe da tsumma a hanyar Tafo, fasinja na ta yi masa ihu ya yi sauri. Har yau fatar hannunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwa fara ce. A jira aƙalla rabin awa. Masu kwara ruwan sanyi a kan injin, ku ma ku daina, tsagewa yake yi.

Dole sai kulan, wato ruwan lagireto na musamman? Ruwan leda ba zai yi ba?

A kan hanya zuba duk abin da ka samu. A gida kuwa kulan, domin shi ke hana tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse su ke barin farar ƙasar nan da ke toshe lagireto.

Tawa allurar ba ta ma tashi daga ƙasa. Na huta ke nan?

Ba ka huta ba. Ko an cire maka tamostat, ko allurar ta mutu kana tuƙi a makance. Kawo ta.

Ina ƙara galan guda kowace safiya, kuma tana tafiya lafiya.

Ina galan ɗin jiya ya tafi?