Binciken salsala a ƙasar Gombe da Bauchi

Binciken salsala shi ne bin diddigin iyaye da kakanni don sanin tsatson mutum da inda danginsa suka watsu. Ana yin sa ta bakin dattawa, da tsofaffin takardu, sai kuma gwajin ƙwayoyin halitta na DNA da ya shigo daga baya.

A wannan yanki aikin yana da wuya, domin jama'a sun sha ƙaura. Jihadin farkon ƙarni na 19, wanda Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a cikinsa, Malam Yakubu kuma ya kafa ta Bauchi, ya gauraya Fulani, Hausawa, Gerawa, Bolawa, Terawa da Barebari ta hanyar aure da zama. Bayan yaƙin Bormi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, mutane da dama suka yi gabas har Sudan. Fadar Gombe ma ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta koma Gombe Doma a 1919. Saboda haka wanda ya ce kakansa mutumin Gombe ne, sai an tambaye shi wace Gomben.

Tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki ita ce kundi na farko. Ita ta san wace ce uwar wane, wa aka ba riƙo, da ma'anar tsagar da ke fuskar kaka. Abin takaici, sau da yawa ba a tuna tambayarta sai ƙasa ta rufe mata ido.

Takardu kuwa iri-iri ne. Akwai na gida: wasiƙun ajami da takardun rabon gado da ake samu a gafakar malam, wasu gara ta ci gefensu. Akwai littattafan kotun alƙali, da rahotannin haraji da jangali na zamanin En'e, waɗanda fayilolin Lardin Bauchi ke ajiye a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Sai dai sunan hakimi da dagaci sun fi yawa a ciki. Talaka da mace ba kasafai suke fitowa ba.

Gwajin DNA da yawu ake yin sa, galibi a aika wa kamfanoni irin AncestryDNA a Amurka. Gwajin nau'i uku ne. Ƙwayar Y, wadda maza kaɗai ke da ita, daga uba take bi zuwa ɗa namiji, don haka tana nuna layin maza zalla. Ta mitokondiriya, wato wani ɗan sashe da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, daga uwa ake gadonta, kuma mata ne kaɗai ke miƙa ta gaba. Nau'i na uku yana auna abin da aka gada daga ɓangarorin biyu, shi ne ke gano dangi na kusa: ɗan baffa ko ɗan kawu yakan yi tarayya da mutum a kusan kashi 12.5 cikin ɗari. Inda auren zumunci ya yawaita, adadin yakan haura haka, har dangin nesa su zama kamar na kusa.

Gwajin ba ya kawo sunan kaka ko garinsu, kuma 'yan Arewa da ke rumbun kamfanonin ba su da yawa, shi ya sa sakamakon yakan tsaya a faɗin yanki kawai. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a nan, aure ne ke tabbatar da nasabar ɗa ga ubansa, don haka malamai ke jan kunne kada a ɗauki takardar gwaji a shiga da ita maganar gado.