Tsartuwar wuta daga gefen baƙin rami: tambayoyi da amsoshi

Wani dare da aka ɗauke wuta a Mabera muna zaune kan tabarma, ɗan ƙanwata mai karatun kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya tsare ni da tambayoyi. Ga su, da abin da na amsa masa.

Kawu, mece ce kwaza?

Cibiyar wani tarin taurari ce mai nisan gaske. A can akwai baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya iya kuɓuce masa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, gas na zagaye shi kamar faifai, yana ɗaukar zafi har haskensa ya danne na taurarin gidan baki ɗaya. A 1963 masanin taurari Maarten Schmidt ya gano nisan wata kwaza mai suna 3C 273: haskenta ya shafe shekara wajen biliyan 2 a hanya kafin ya iso mu.

In ramin haɗiya yake yi, me ke fitowa kuma?

Daga cikinsa babu mai fitowa. Abin da bai kai ga faɗawa ba ne ƙarfin maganaɗisu, wanda ya murɗe kamar igiyar rijiya, ke tsartarwa ta fuska biyu, da gudu dab da na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. A 1977 Blandford da Znajek suka nuna cewa jujjuyawar ramin kanta na iya ba da wannan ƙarfi. Ƙwayoyin lantarki da ke wulwulawa cikin tsartuwar su ke fitar da igiyoyin rediyo, har da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Tun 1918 Heber Curtis ya hango irinta a wani tarin taurari mai suna M87. Sai dai ka riƙe wannan: ba kowace kwaza ke da tsartuwa mai ƙarfi ba, kaɗan ne cikinsu.

Don me ake ganin ɓangare guda kawai?

Nan ne abin ya fi burge ni. Ka tuna ɗan kabu-kabu da dare: in ya tunkaro ka fitilarsa sai ta kashe maka ido, in ya juya baya da kyar kake ganinsa. A sama gudun da kansa ne ke tattara hasken gaba, wadda ta fuskanto mu ta ƙara haske, ƴar'uwarta ta dushe. Idan ta saito mu kai tsaye, blaza ake ce mata.

An ce wasu sun fi haske gudu?

Ido ne ke ruɗuwa. Tsartuwar na bin sawun haskenta dab da dab, sai lokacin da muke ƙirgawa ya taƙaita. Martin Rees ya faɗi za a ga haka tun 1966, kafin a gani.