Saƙar hoto ta zamani

Saƙar hoto, wadda ake kira tafestiri a harsunan Turai, ita ce saƙar da hoton yake fitowa daga cikin zaren kansa yayin da ake saƙawa. Ba zanawa ake yi a kan ƙyalle ba, ba kuma ɗinkawa ake yi daga baya ba. Zaren kwance mai launi shi ne yake rufe zaren tsaye ruf, kuma ba ya ratsawa daga wannan baki zuwa wancan kamar a saƙar zane. Kowane launi yana kai-komo ne a iyakar gurbinsa. Wannan ya bambanta ta da sirfani, da aikin ɗinke-ɗinken ƙyallaye irin wanda matan Chile suka yi a zamanin mulkin Pinochet, da dardumar ƙulli, ko da yake gidajen nune-nune kan haɗa su duka a ƙarƙashin fasahar zare.

Yadda ake saƙa ta

Masaƙar iri biyu ce: mai tsaye, irin wadda aka san masana'antar Gobelins ta Faris da ita, da mai kwance mai mataki, irin ta garin Aubusson na Faransa. Ana yin wadari da zaren auduga mai murɗi sosai. Masu koyo sukan sa zare uku a kowace santimita, aiki mai laushi kuma yakan kai takwas ko fiye. Zaren kwance galibi ulu ne, domin yana karɓar rini, yana kuma matsuwa idan an buga shi da matsefi. Akan haɗa siraran zare uku zuwa shida masu launi daban-daban a ƙoshiya ɗaya, ta haka ake samun launin da babu shi a cikin tukunyar rini. Zanen da ake bi ana liƙa shi a bayan zaren tsaye, ko a ƙarƙashinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsukewar baki. Idan masaƙi ya ja zaren kwance ya miƙe sar, sai ya janyo zaren tsaye ciki, saƙar da aka fara da faɗin santimita 60 ta ƙare a 55. Maganinsa a shimfiɗa zaren da ɗan lanƙwasa kamar baka kafin a buga, a kuma riƙa aunawa bayan kowane ɗan yatsa biyu ko uku. Idan zaren kwance ya yi kauri fiye da tazarar da ke tsakanin zaren tsaye, fararen ɗigo za su leƙo. Inda launi biyu suka haɗu a miƙe kuwa, tsaga ce take fitowa. Gajeriya ana barin ta, doguwa sai an ɗinke ta ta baya ko an sarƙe zaren biyu, in ba haka ba nauyin saƙar zai buɗe ta idan an rataye. Dalilin da ya sa ake saƙa manyan ayyuka a kaikaice ke nan, a juya su lokacin ratayewa, don dogayen layuka su bi kwanciyar zare.

Aiki ne mai cin lokaci. Ƙwararren masaƙi kan yi wata guda ko fiye a kan murabba'in mita ɗaya, kuma abin da aka wuce ba ya gyaruwa sai an warware duk abin da ke samansa.

Yaƙi da mulki

Hannah Ryggen (1894–1970), haifaffiyar Suwidin da ta zauna a wata gona a gaɓar tekun Norway, tana cikin waɗanda suka fara mayar da wannan sana'a bakin magana. Ita take kaɗa ulunta, ita take rina shi, shuɗinta ma da tsimammen fitsari take haɗa shi, kuma ba ta bin zane. A 1935 ta saƙa aiki a kan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha, wanda aka nuna a baje kolin Faris na 1937. Wani aikinta na 1958 yana rataye a ginin gwamnati a Oslo lokacin da bam ya tashi ranar 22 ga Yuli, 2011. Ya yage, an gyara shi, tabon yana nan.

A Faransa, Jean Lurçat (1892–1966) ya farfaɗo da saƙar Aubusson ta hanyar rage yawan launuka da sa wa kowanne lamba a jikin zane. A 1957 ya fara jerin saƙa goma da ke buɗewa da barazanar bam ɗin nukiliya, yanzu suna birnin Angers. Yana cikin waɗanda suka kafa baje kolin saƙa na birnin Lausanne da ke Suwizalan, wanda ya gudana daga 1962 zuwa 1995. A can ne Magdalena Abakanowicz ta Poland ta sauko da saƙa daga bango, ta rataye manyan siffofi na igiyar sisal a tsakiyar ɗaki.

Kwafin Guernica (hoton da mai zane Picasso ya yi kan ruwan bama-bamai a wani garin Sifen) da aka saƙa a 1955 yana rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairun 2003, ana tsaka da muhawarar yaƙin Iraƙi, aka lulluɓe shi da shuɗin labule.

Muhalli

A nan kayan aikin kansu sun shiga cikin maganar. Wasu suna saƙa da yagaggen komar kamun kifi, ko leda da aka yayyanka, ko ragowar zaren masana'anta. Alexandra Kehayoglou ta Ajantina tana amfani da ragowar ulu daga kamfanin dardumar danginta, ta yi siffar filayen kiwo da koguna da ke fuskantar barazana, kamar kogin Santa Cruz da aka fara gina wa madatsun ruwa. Nata aikin cusa zare ne da bindigar darduma, ba saƙar hoto ta asali ba. Otobong Nkanga, wadda ke zaune a Beljiyam, tana bibiyar ramukan haƙar ma'adinai da abin da suke bari a ƙasa da jikin mutane, kuma a masaƙar jakad mai aiki da kwamfuta ake fitar da ayyukanta. Masu saƙar hannu da yawa ba sa yarda a kira aikin jakad da sunan sana'arsu, tunda zarensa yana ratsawa baki zuwa baki. Suna da hujja ta fuskar gini, amma gidajen tarihi sun daɗe da daina kula da wannan iyaka.

Rinin itatuwa ma ba wanke hannu ba ne. Ulu yana buƙatar alif kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa kafin launi ya kama, wasu tsofaffin hanyoyin kuma suna amfani da gishirin kuromiyam, wanda guba ne a ruwa. Leda da roba suna bushewa su farfashe idan haske ya daɗe yana dukansu, saboda haka aikin da aka yi don nuna cewa roba ba ta ruɓewa yakan riga na ulu lalacewa.

Adanawa

Gidajen tarihi ba sa barin haske ya wuce lus 50 (ma'aunin ƙarfin haske) a kan saƙa, danshin iska kuma ana riƙe shi kusa da kashi 50 cikin ɗari. Ana ɗinka maɗauri mai mannewa a duk faɗin bakin sama don nauyi ya rarrabu. Zobba ko ƙusoshi suna yaga zare. Ba a ninkewa, naɗewa ake yi a jikin bututu, fuskar hoton tana waje. Idan asu ya shiga, ana rufe saƙar cikin leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda aƙalla, sannan a bar ta ta huce a hankali kafin a buɗe ledar.