Tallafin noma a gundumar Gaines ta Texas: wa ke karɓa, kuma da wane ma'auni?

Gaines gunduma ce a yammacin jihar Texas ta Amurka, hedikwatarta garin Seminole, kuma tana cikin manyan wuraren noman auduga da gyaɗa a jihar. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, wadda yawancin ban-ruwanta ya dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala.

Daga ina kuɗin tallafin suke fitowa?

Daga gwamnatin tarayya suke fitowa, ta hannun Ma'aikatar Noma ta Amurka, kuma hukumarta mai suna FSA ce ke rajistar manoma a ofisoshinta na gundumomi. Tsarin ya faro ne a 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya karye, kuma majalisa kan sabunta dokar noma kusan duk shekara 5.

Yaya ake lissafa rabon kowane manomi?

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin sukan ɗauka ana duba abin da manomi ya shuka bana ko halin da iyalinsa suke ciki. A shirin cike giɓin farashi mai suna PLC da aka kafa a 2014, doka ce ke tsayar da farashin ma'auni ga kowane amfanin da shirin ya ƙunsa; dokar 2018 ta sa dala 535 kan tan ɗaya na gyaɗa. Idan matsakaicin farashin kasuwa na shekara ya gaza haka, gwamnati ta cike giɓin, amma lissafin yana kan kashi 85 cikin 100 na ekocin da aka rubuta wa gonar tun shekarun baya, ko da mai ita ya koma shuka wani abu dabam. Ke nan kuɗin suna bin faɗin ƙasa da tarihinta. Mai eka 5,000 zai samu ninkin-ba-ninkin abin da mai eka 100 zai samu, ko da ƙaramin ne fari ya fi durƙusar da shi. Bayan wannan akwai inshorar amfanin gona, wadda gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗinta, da shirin CRP na 1985 da ke biyan haya ga wanda ya bar gona ta huta shekara 10 zuwa 15.

Babu iyaka ga abin da mutum ɗaya zai karɓa?

Akwai. Dokar 2018 ta tsayar da dala 125,000 a shekara ga mutum ɗaya, aka ɗaga zuwa 155,000 a 2025. Sai dai iyakar tana kan mutum ne, ba kan gona ba, kuma tun 2018 aka ƙyale 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan kawu da na goggo su shiga lissafin masu gudanar da gonar iyali. A ganina wannan ce babbar ɓaraka a tsarin, domin babbar gona na iya jera dangi, kowa ya karɓi nasa kason.

Ana iya sanin waɗanda suka karɓa?

E. Ƙungiyar EWG, mai zaman kanta da ke fafutukar kare muhalli a Amurka, tana wallafa alƙaluman biyan tun daga na 1995, gunduma bayan gunduma, kuma sun nuna cewa kashi 10 cikin 100 na masu karɓa ne ke ɗaukar fiye da kashi uku cikin huɗu na tallafin farashi a faɗin ƙasar.

Mene ne ruwan manomin Afirka da wannan?

Audugar da aka tallafa wa tana shiga kasuwar duniya ta danne farashi, manomin da ba shi da mai cike masa giɓi kuwa shi ke shan wahalar. Shi ya sa a 2003 Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka kai kukansu gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Brazil ma ta yi ƙarar Amurka kan tallafin auduga ta kuma yi nasara, har a 2014 Amurka ta amince ta biya dala miliyan 300 aka rufe shari'ar. Ƙasashen Afirka huɗun ba sa cikin wannan diyya.