Zurfafan Kalmomin Turanci ga Ɗaliban Adabi: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu karatun adabin Turanci, 'yan WAEC da NECO ne ko 'yan jami'a, sun ɗauka ƙarancin manyan kalmomi ne ke kayar da su. Sai ka ga ɗalibi ya sayo jerin kalmomi yana haddacewa kamar mai tilawa, ranar jarrabawa kuma waƙa mai layi 14 ta gagare shi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan matsala.

Wai zurfafan kalmomi su ne dogaye masu wuyar furtawa?

A'a, ba a tsawo ake auna su ba. Abin da ake so ɗalibi ya gane shi ne matsayin kalma da nauyinta, domin kalmomin Turanci hawa uku ne. Na ƙasa su ne na asali da Anglo-Saxon, kakannin Turawan Ingila, suka bari, gajeru na cikin gida, irin su “house” da “bread” da “ask”. A 1066 William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni. Shi ya sa dabbar da talaka ke kiwo ta riƙe sunanta na asali, “cow” da “sheep”, naman da ke isa teburin masu mulki kuma ya ɗauki sunan Faransanci, “beef” da “mutton”. Daga baya, musamman a ƙarni na 16 da na 17, malamai suka kwaso kalmomi daga Latin da Girkanci.

Saboda haka ma'ana ɗaya takan samu kalma uku. “Ask” tambaya ce ta yau da kullum, “question” ta fi ta nauyi, “interrogate” kuwa titsiye ce irin ta 'yan sanda. Haka “rise” da “mount” da “ascend”. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe: ana cewa akuya ta mutu, maƙwabci ya rasu, babban malami ya yi wafati, kuma ba mai cewa akuya ta rasu. Idan marubuci ya sa wani a cikin labarinsa yana zuba kalmomin Latin a wurin da gajerun kalmomi suka isa, sau da yawa yana nuna maka mutum ne mai ji da kai, ko mai ɓoye wani abu.

Wace irin kalma ce ta fi yaudarar ɗalibi?

Wadda yake ganin ya sani. Baƙuwar kalma takan tsayar da kai ka buɗe ƙamus. Sananniyar da ma'anarta ta sauya kuwa wuce ta za ka yi, ka tafi da gurguwar fahimta ba tare da ka ankara ba.

A wasan Romeo and Juliet na Shakespeare, inda Juliet ta ce “wherefore art thou Romeo”, ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa tana neman inda yake. “Wherefore” na nufin me ya sa. Kukanta shi ne me ya sa wanda take so ya zama Romeo, ɗan gidan Montague, abokan gabar gidansu. Wanda ya kuskure wannan kalma ɗaya ya kuskure jigon wannan fitowar baki ɗaya. A wasansa Hamlet, “lets” na zuwa da ma'anar hanawa, kishiyar ma'anarta ta yau. Da Sarki Lear, a wasan King Lear, ya kira kansa “fond old man”, wawan tsoho yake nufi. “Presently” a wancan zamani nan take ce, “want” kuma sau da yawa rashi ce. Ko a littafin Jane Austen, Pride and Prejudice na 1813, Mista Collins yabo yake yi idan ya ambaci “condescension” ɗin Lady Catherine, wato babba ta sauko ta kula ƙarami, alhali yau kalmar raini take nunawa.

A lura da “thou” da “you” ma. “You” ta girmamawa ce, kamar yadda ake ce wa dattijo “ku”. “Thou” ta shaƙuwa ce, ko ta magana da na ƙasa, ko ta addu'a. Idan ɗan wasa ya sauka daga “you” zuwa “thou” ana tsakiyar magana, to wani abu ya motsa a zuciyarsa, ko ƙauna ko fushi.

Dabarar ita ce: duk jimlar da ka san kowace kalmarta amma ma'anar ta ƙi zama, ka zargi kalmar da ta fi sauƙi.

Wane ƙamus ya kamata a riƙe?

Biyu, kowanne da aikinsa. Oxford Advanced Learner's Dictionary yana ba da ma'anar yau, da furuci, da kalmomin da ke tafiya tare. Oxford English Dictionary, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu kuma ya fito a 1989 cikin mujalladi 20, yana jera ma'anonin kalma bisa tarihi, da misalai masu ɗauke da shekara. Ka duba shekarar da aka rubuta littafin da kake karantawa, ka ɗauki ma'anar da ke aiki a lokacin. Wanda bai samu wannan ba ya nemi bugu mai sharhi a ƙasan shafi, irin bugun Arden na wasannin Shakespeare.

Sanin saiwar kalma yana taimakawa?

Ƙwarai. Ka yanka kalmar gida uku: ɗafa-goshi, saiwa, ɗafa-ƙeya. A “misanthrope”, gaɓar farko ƙiyayya ce a Girkanci, “anthrop” kuma mutum, sai ka samu mai ƙin mutane. Ka sauya farkon da “phil”, wato so, ka samu “philanthropist”. “Bene” alheri, “mal” sharri, “chron” lokaci. Saiwoyi 30 zuwa 40 da aka riƙe da kyau suna buɗe ɗaruruwan kalmomi.

Sai dai hasashe ne kawai, dole a tabbatar a ƙamus. “Invaluable” abu ne mai darajar da ta wuce ƙima, ko da yake “in” kan kore ma'ana. “Inflammable” mai saurin kama wuta ne. “Disinterested” mai adalci ne da ba shi da wata riba a cikin lamari, wanda abin bai dame shi ba kuwa “uninterested” ne.

Kalmomin nazarin adabi fa, waɗanne aka fi cakuɗawa?

Wanda ya yi adabin Hausa yana da jari a hannu. “Simile” kamantawa ce, “metaphor” siffantawa, “personification” mutuntarwa, “theme” jigo, “rhyme” amsa-amo, “enjambment” kuma sabi-zarce. Ka ɗora sabon suna a kan abin da ka riga ka sani.

Inda ake faɗuwa shi ne tagwaye. “Tone” halin marubuci ne game da abin da yake faɗa, “mood” kuwa yanayin da ke sauka a zuciyar mai karatu. “Synecdoche” ambaton ɓangare ne a madadin duka, kamar a ce baki goma nake ciyarwa. “Metonymy” ambaton abin da ke da alaƙa ne, kamar a ce fada ta yi kira, ana nufin sarki. “Persona” muryar da ke magana ce a cikin waƙa, kuma kuskure ne a ɗauka kullum mawaƙin ne da kansa.

Kiran sunan adon harshe kaɗai ba ya kawo maki mai yawa. Ka ambace shi, ka kawo kalmomin daga matanin, sannan ka faɗi aikin da suka yi a wurin.

Kalma nawa ake bukata, kuma yaya za a riƙe su?

Binciken masanin koyar da harshe Paul Nation na 2006 ya nuna cewa mai son karanta ƙagaggen labari ba tare da taimako ba yana bukatar dangin kalmomi (wato kalma da rassanta) 8,000 zuwa 9,000, domin ya san kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafi. Wato baƙuwa ɗaya a cikin kowace 50, kusan 6 a shafi mai kalma 300. Ka gwada shafi ɗaya: idan baƙin sun haura 15, ka haɗa da littafi mai sauƙi kana karanta su tare.

Wajen riƙewa, kada ka wuce kalma 8 zuwa 10 a rana, kuma daga littafin da kake karantawa. Ka kwafe jimlar da kalmar ta zo a ciki, da lambar shafi. Ka rubuta abokan tafiyarta, domin ana cewa “heavy rain”, ba a cewa “strong rain”. Ka rubuta launinta: “slim” yabo ne kamar siririya, “skinny” kushe ne kamar ramammiya, “emaciated” kuwa ƙanjamewa ce ta ciwo ko yunwa. Sannan ka rufe ma'anar ka gwada tunowa washegari, da bayan kwana 3, da mako 1, da wata 1. Maimaita kallo kawai yana sa ka ji kamar ka iya, tunowa ce ke zaunar da kalma.

To in zuba su a amsar jarrabawa?

Wadda ka ga an yi amfani da ita aƙalla sau uku kaɗai, kuma ka san abokan tafiyarta. Ɗauko kalma daga ƙamus na kalmomi masu kama da juna a ma'ana a dasa ta haka kawai shi ke haifar da jimla irin ta cewa mawaƙi ya yi “interrogate” ɗin mahaifiyarsa, alhali tambaya kawai ya yi mata cikin ladabi. Ka fi ba da ƙarfi ga aikatau na sharhi: “suggests”, “evokes”, “undermines”, “foreshadows”. Ka kuma rarrabe “imply” da “infer”: marubuci ne ke yin na farko idan ya yi hannunka mai sanda, kai mai karatu kake yin na biyu idan ka gano inda ya dosa.