Mene ne webhuk a harkar biyan kuɗi ta manhaja?

A ce wata baiwar Allah a Kubwa ta sayi atamfa turmi biyu ta manhajar wani shago da ke kasuwar Wuse. Ta saka katinta, alat ya shigo an cire kuɗi, sai sabis ya ɗauke kafin shafin ya dawo da ita cikin manhajar. Ita dai ta san ta biya. Manhaja kuwa ba ta ji labari ba, oda tana nan a rataye. Irin wannan ɓarakar ce webhuk yake ɗinkewa.

Webhuk saƙo ne da kamfanin karɓar kuɗi, irin su Paystack, Flutterwave ko Monnify, yake aika wa sabar manhajarka (kwamfutar da ke gudanar da ita a intanet) kai tsaye, ba ya bi ta wayar mai saye. Kai ne kake ba su adireshi. Da ciniki ya faɗa, sai su ƙwanƙwasa su ce kuɗin oda kaza ya shigo. Paystack na kiran wannan saƙo charge.success.

Matsalar ita ce ƙofar a buɗe take, ɗan damfara ma yana iya turo na bogi, kamar alat ɗin ƙarya da ke addabar masu POS. Shi ya sa Paystack ke buga wa kowane saƙo hatimi da wani lissafi mai suna HMAC SHA512, da makullinka na sirri da suka ba ka. Ka lissafa naka ka gwada. In ba su yi daidai ba, watsar da shi. Ka kuma duba adadin, don da kwabo suke ƙirgawa: naira 25,000 za ta zo maka a 2,500,000. Sabon hannu kan yi tuntuɓe a nan.

Saƙo ya iso, sabarka ta yi maza ta amsa da lamba 200, wato alamar saƙo ya iso lafiya. In ta yi shiru, Paystack zai yi ta sake turowa har tsawon awa 72. Ke nan saƙo ɗaya yana iya zuwa sau biyu ko uku. Wanda bai adana lambar shaidar kowane ciniki ba, sai ya tura wa Hajiya turmi huɗu a kuɗin biyu.

Idan kuma shiru ya yi yawa webhuk bai iso ba, kada ka yi gaggawar rubuta mata cewa biya bai yiwu ba. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi kore kwastoma. Bar odar a matsayin mai jira, ka tambayi kamfanin da lambar shaidar nan. In sun tabbatar bai shiga ba, ka ba ta sabuwar lamba ta sake gwadawa, ka kuma gaya mata a fili cewa in an cire mata kuɗi, bankinta ne zai mayar.